Wasiƙar Akawu Daga Dutsin-Ma: Mudun Da A Ke Auna Naƙasassun Yara

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Na kuwa ga lokacinta ya yi, tun da ya ke ƙarshen zangon karatu ya gabato, malamai sun fara tsara tambayoyi, yara kuma sun duƙufa bita. Maganar ita ce yadda a ke jarraba yara masu naƙasa a makarantunmu na ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, watau makafi da masu raunin gani, da kurame, da guragu, da waɗanda aka halitta da nauyin fahimta. 'Yan zamani suna ce da su masu buƙata ta musamman. Sunan kuwa ya dace, gama duk abin da zan faɗa a kan buƙatar nan ya ke.

Jarrabawa, jama'a, mudu ce. Kowa ya taɓa tsayawa wurin masu awo a kasuwa ya san abin da a ke nema gare su: su auna hatsin da ke cikin buhu. Ba ruwansu da ko buhun sabo ne ko mai faci, ko a jaki aka kawo shi ko a mota. Haka shi ma malami, abin da ya ke so ya auna shi ne karatun da ya shiga kan yaro. To, in aka rubuta tambaya a allo da alli, aka ce da yaron da ba ya hangen allo ya amsa, me aka auna? Idonsa aka auna. In aka yi wa kurma shifta, kunnensa aka auna. In aka ba yaron da shan-inna ya taɓa wa hannu rabin sa'a ya cika takarda, saurin hannunsa aka auna. Sa'an nan a rubuta sifiri gaban sunansa, a kira shi na ƙarshe a gaban 'yan'uwansa, ubansa ya duba takarda ya ce boko ba rabonsa ba ne, ya cire shi. Daga nan sai bakin tasha da ƙoƙon bara.

Ni akawu ne, kuma cikin aikina har da haɗa takardun sakamako da a ke kawowa daga makarantun firamare. Shekara da shekaru ina ganin abu iri biyu cikinsu. Na fari, sai ka ga sunan yaro yana cikin rajista tun farkon zango, amma ran jarrabawa an ja layi gabansa, an rubuta bai zo ba. In ka bincika sai ka iske ba ciwo ya yi ba, ce masa aka yi ya zauna gida, don kada ya wahala, ko don kada ya jawo makin aji ƙasa. Na biyu, sai ka ga yaron da kowa ya san ba a taɓa koya masa riƙe fensir ba an ba shi 40 cikin 100 a kowane darasi, daga lissafi har Turanci, ba ƙari ba ragi. Wannan shi malamai ke kira makin tausayi. Na taɓa tambayar wani hedimasta a wata makarantar ƙauye dalilin haka game da wani yaro kurma da ya kai aji biyar. Ya ce, “Malam Akawu, yaya zan yi da shi? Ban iya maganarsa ba, shi kuma bai ji tawa. In na ba shi sifiri ban kyauta ba.” Na ce da shi, “Ranka ya daɗe, ka taɓa ba shi lissafi a rubuce shi kaɗai, ka ga abin da zai yi?” Ya sa aka kira yaron, ya rubuta masa tarawa da ɗebewa guda goma a takarda. Yaron ya ci takwas. Ashe uwarsa tana aikensa talla, canji kuwa bai taɓa ɓace masa ba.

Hedimastan nan mutumin kirki ne, da kyakkyawar niyya ya yi abin da ya yi. Amma makin tausayi da hana jarrabawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin dukansu biyu sun bar yaro ba a auna shi ba. Wanda ba a auna ba kuwa, ba wanda ya san inda ya tsaya, balle a san abin da za a koya masa gaba.

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne da aka ɗauko daga ƙasashen Turai. Tun kakannin kakanninmu makarantun allo suna karɓar makafi, malami ya biya musu su riƙe da ka, in lokacin gwaji ya yi a ja musu baƙi su ɗauka da baki, ba wanda ya taɓa cewa haddarsu ba ta cika ba don ba su rubuta ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana yaro, shi ya tsara Waƙoƙin Imfiraji da a ke karantawa a makarantu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da a ce da alli da baƙin allo aka auna shi, da sifiri zai ci.

A wajen boko ma hanya ta daɗe da samuwa. Wani Bafaranshe mai suna Louis Braille, wanda aka haifa a 1809 ya makance yana ɗan shekara uku, shi ya ƙago rubutun makafi, ya buga bayaninsa a 1829. Ɗigo shida ne masu tudu, uku a dama uku a hagu, a kan sarrafa su su ba da alama 63, mai karatu ya bi su da kan yatsa. Mai rubutu ya kan sa takarda cikin wani ɗan allo mai ramuka, ya riƙa tsokana ta da ɗan tsinke daga dama zuwa hagu, sa'an nan ya juya ta ya karanta daga hagu zuwa dama. A ƙasarmu an buɗe makarantar makafi ta fari a Gindiri a 1953, an kuma kafa kwalejin horar da malaman irin waɗannan yara a Oyo a 1977. A Kano Jibrin Isa Diso, makaho, ya yi karatu har ya kai muƙamin farfesa a Jami'ar Bayero. A jiharmu ta Katsina akwai makarantar makafi a birnin Katsina, akwai ta kurame a Malumfashi. Amma jiha ce mai ƙananan hukumomi 34, makarantu irin waɗannan kuwa kaɗan ne. Har wa yau, tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa a wannan yanki ba su sakin jiki su tura ɗa nesa, balle ɗan da ba ya gani ko ba ya ji. Saboda haka yaran nan, in sun shiga makaranta, ta unguwarsu su ke shiga, su zauna aji ɗaya da kowa. Can ne ya kamata mu duba.

Manyan hukumomin jarrabawa sun riga sun yi nasu tanadi. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta kan buga tambayoyi da rubutun makafi, ta kan kuma buga da manyan baƙaƙe domin masu raunin gani. Cikin ƙa'idodin da ta saba rubutawa ƙarƙashin jadawalinta akwai cewa a ba makafi da kurame lokaci ɗaya da rabi na abin da aka ba sauran yara, watau takardar sa'a biyu su a ba su sa'a uku. Wannan ƙari ba alfarma ba ce, gama yatsa ba ya gudu bisa takarda kamar yadda ido ke yi, kurma kuma bai taɓa jin Turancin da ya ke karantawa ba, sai ya bi shi sannu. Hukumar JAMB, da ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta a 2015, ta ga wannan zai ture makafi gefe, sai ta kafa kwamiti na musamman dominsu a 2017, a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola. A kan tara su a cibiyoyi kaɗan, a karanta musu tambaya da murya ko a ba su da rubutun makafi, su amsa da abin da suka saba rubutu da shi. A 2024 makafi 577 ne aka yi wa wannan shiri a cibiyoyi 11, ɗaya daga ciki tana Jami'ar Bayero ta Kano, hukumar kuma ta ɗauki nauyin masauki da abincinsu tare da 'yan jagorarsu. Tambayoyin kuwa ba a sauƙaƙa su ba. Ƙofar shiga aka faɗaɗa, mudun yana nan yadda ya ke.

Doka ma tana bayan yaran nan. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ce suna da haƙƙin ilmi kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce kowace makarantar gwamnati ta zama tana karɓarsu, ta kuma sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Wanda ya nuna musu bambanci kuwa hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu.

To, ga dukan wannan tanadi, me ya sa ba mu cika jin ɗan Kurfi ko ɗan Dutsin-Ma ya ci moriyarsa ba? A ganina dalilin yana bisa teburin akawu. Takardar rubutun makafi ba a buga ta ran jarrabawa. Tun watanni kafin nan, sa'ad da a ke rajista, a ke cika wani ɗan gurbi a fom inda a ke faɗin ko yaro yana da naƙasa, da irinta. In aka bar gurbin nan fanko, hukuma ba ta san da yaron ba, za ta aiko masa da takarda irin ta kowa, mai tsaron jarrabawa kuma ba shi da ikon ƙara masa ko minti ɗaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa mai cika fom yana sauri ne, yara ɗari na jiransa, sai ya tsallake. Wani lokaci kuma iyaye ne ke ɓoyewa, musamman ga 'ya mace, don tsoron kada a ce tana da aibi ta rasa miji. Ga iyayen nan ina cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinya zabiya da ke manna fuska a takarda kowa a ajin ya riga ya san halinta, abin da ya rage kawai a rubuta don a buga mata da manyan baƙaƙe.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yawancin yaran ba su kai wa ga fom ɗin ba ma. Kafin a kai WAEC akwai jarrabawar zango sau uku a shekara har shekara shida a firamare, sa'an nan ta shiga sakandare, sa'an nan ta aji uku na ƙaramar sakandare. Yaron da aka kayar sau 18 a firamare saboda bai hangi allo ba, yaushe zai ga aji shida na sakandare? A ƙasan nan a ke zubar da su, a nan kuma gyaran ya fi arha.

Akwai kuma kashi na biyu na yara, waɗanda ƙarin lokaci da manyan baƙaƙe ba za su ishe su ba. Su ne masu nauyin fahimta ƙwarai, waɗanda mutane kan yi wa laƙabi da dolo ko gaula, sunan da bai kamaci ɗan kowa ba. Irin wannan yaro ko kwana aka ba shi ba zai amsa tambayar aji shida ba, amma yana koyo, sannu sannu, bisa ga nasa taki. Shi kam sai an sassaƙa masa mudu dabam. A Amurka dokar da suka gyara a 1997 ta wajabta wa kowace jiha ta shirya wa irin waɗannan yara jarrabawa tasu, don kada a bar kowa ba a auna ba. Amma sun lura da wani haɗari, watau makaranta ta riƙa tura duk yaron da ke ba ta wahala zuwa ga jarrabawa mai sauƙi don sakamakonta ya yi kyau. Don haka dokarsu ta 2015 ta ƙayyade kada masu ɗaukar wannan jarrabawa su wuce ɗaya cikin ɗari na dukan yaran da aka jarraba a jiha. Darasin da ke nan gare mu shi ne a yi hattara. Makaho da kurma da gurgu kansu lafiya lau ya ke, tambayar kowa za a yi musu. Jarrabawa ta dabam ta 'yan kaɗan ce, kuma kada a sa yaro cikinta sai an zauna da iyayensa da ma'aikacin lafiya, an tabbata ba ciwon kunne ko raunin ido ko yunwa ke damunsa ba.

Yadda za a yi ta kuwa ba wuya. A saya wa yaron littafi ɗaya. A farkon zango malami da uba ko uwa su zauna su rubuta abu biyar ko shida da a ke so ya iya kafin zango ya ƙare: ya faɗi sunansa da na ubansa da na unguwarsu, ya ƙirga tsakuwa har 20, ya bambance takardar Naira 50 da ta 100, ya gane baƙaƙen sunansa, ya kai saƙo ajin kusa ya dawo da amsa. Ran jarrabawa malami biyu su zauna da shi, ɗaya na gwadawa ɗaya na rubutawa, a sa gaban kowane abu ko ya yi shi kaɗai, ko ya yi da taimako, ko bai kai ba tukuna. Abin da bai kai ba shi ne darasin zango mai zuwa. In ya gama firamare a ba shi takardar shaida mai faɗin gaskiyar abin da ya iya, wadda tela ko kafinta ko mai kiwon kaji zai duba ya san inda zai fara da shi.

Na san malamai za su ce, “Akawu yana zaune cikin inuwa yana tsara mana aiki. Aji ya cika ya batse, ga rashin kayan aiki, ina mu ina wannan?” Gaskiyarsu, nauyin da ke kansu ba kaɗan ba ne. Amma su duba abin da na roƙa. A zaunar da mai raunin gani a gaba, a rubuta masa tambaya da manyan baƙaƙe a takarda. A karanta wa makaho tambaya a ofishin hedimasta ya amsa da baki. A rubuta wa kurma duk abin da aka faɗa wa aji da murya, a musanya masa shifta da wani gwajin rubutu. A sa gurgu a ɗakin da ba matakala, a bar mai ciwon hannu ya faɗa wani ya rubuta. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ya kai kuɗin kwalin alli. Game da kurame, a sani Hausawa suna da tasu maganar hannu da kurame ke yi a kasuwa da gida, ta kuwa bambanta da wadda a ke koyarwa a makarantun kurame, wadda asalinta daga Amurka ne. In za a nemi tafinta, a nemi wanda ya iya wadda yaron ya sani.

Waɗansu kuma za su ce wannan ƙofar satar amsa ce, mai rubuta wa yaro zai saka nasa sani. Tsoron yana bisa hanya, maganinsa kuwa sananne ne. Kada malamin darasin ya zama shi ne mai rubutawa. A ɗauko yaro mai kyan hannu daga ajin da ke ƙasa, a sa babba ɗaya ya zauna shaida, a karanta wa mai jarrabawar abin da aka rubuta ya yarda, sa'an nan duka su sa hannu. A kuma saba wa yaro da wannan hanya tun cikin zango, kada ya fara gamuwa da ita ran gwaji.

Saboda haka ga roƙona. Ga sakatarorin ilmi na Dutsin-Ma da Kurfi, Allah ya taimake ku, ku sa a ƙara gurbi ɗaya a rajistar kowane aji inda za a rubuta buƙatar yaro, ku kuma riƙa tambayar dalili duk inda aka rubuta bai zo ba. Ga iyayenmu hakimai, Yandakan Katsina da Maradin Katsina, ranku ya daɗe, in kuka yi wa dagatai da masu unguwa magana ɗaya, su da sarakunan makafi da na guragu sun san kowane gida da ke da irin yaran nan, cikin mako kaɗan za a san adadinsu. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke nan garin, wadda ke ɗauke da sunan tsohon Ministan Ilmi na Jihar Arewa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ina roƙon kada ɗalibin koyon malanta ya fita hannunku sai ya san yadda a ke jarraba makaho da kurma, kuma masu zuwa gwajin koyarwa a ƙauyuka su riƙa taimakon hedimastoci da wannan aiki. Ga 'yan'uwana akawuna kuwa, ɗan gurbin nan na fom, kada mu tsallake shi. Mu ɗaga kai mu dubi yaron, mu tambaye shi, sa'an nan mu rubuta.

In akwai malamin da ya gwada wata dabara a ajinsa ta yi amfani, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita don mu ƙaru, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma ya ga gyara cikin maganata, fili a buɗe ya ke. Allah ya ba yaranmu sa'a baki ɗaya, ya saka wa malamansu da alheri. Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Dutsin-Ma.